Ƙasashen Afirka nawa ne, 53, 54, 55 ko 56?

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma yake riƙe da aji a wata kolej can wajen Madarumfa, ya aiko mani da tambaya. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Mushe, yara sun sa ni gaba. Tsohon littafin da muke aiki da shi ya ce ƙasashen Afirka 53 ne. Salula ta ce 54. A rediyo mun ji ana cewa ƙasashe 55 na Tarayyar Afirka. Wani yaro mai kaifin baki kuma ya ce ai 56 ne in an sa Somalilan. Wanne zan ba su su rubuta ran jarrabawa, kuma wanne ne na gaskiya?"

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa a kai guda. Ta farkon ba ta da wuya: su rubuta 54. Wannan shi ne yawan ƙasashen Afirka da ke da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba mai gyaran takarda da zai zabge wa yaro maki a kansa. Ta biyun ce mai cin lokaci, domin duk lambobin nan huɗu kowace tana da inda ta samo asali. Yaron nan mai 56 ma kada ka kore shi, ya taɓo wani abu, sai dai bai san girmansa ba.

Mu fara sallamar 53, tun da ita tsufa ne kawai ya kama ta. A ajin da na daɗe ina koyarwa nan cikin Maradi akwai wata babbar taswira rataye jikin bango, gefenta duk gara ta ci. A kanta Sudan dunƙule take, jibgegiya, ta fi kowace ƙasa faɗi a nahiyar. Ran 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, bayan kwana biyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe ta a matsayin ƙasa ta 193. Da aka koma lakwal bayan hutun damina sai na hau kan tebur da jan bik a hannu, na ja layi ya ratsa Sudan, na rubuta Juba daga ƙasa, yara suna ta dariya wai Mushe ya raba ƙasa ba da bindiga ba. Tun daga ranar Aljeriya ta zama babba a Afirka, 53 kuma ta zama 54. Littafinku an buga shi kafin wannan rana, shi ke nan laifinsa. In ka tono wanda ya girme shi za ka tarar da 52, domin Eritiriya sai a 1993 ta rabu da Habasha, Namibiya ma sai 1990 ta fita hannun Afirka ta Kudu. Ranar da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, 25 ga Mayu 1963, ƙasashe 32 ne kacal, har da tamu, Diori Hamani na can zaune.

In kana so yara su ƙirga 54 ɗin da hannunsu, raba masu gida biyu: 48 a kan doron nahiyar, 6 cikin teku, wato Madagaska, Komoro, Moris, Seshel, Kap Ber da Sawo Tome. A tsibiran nan yara suka fi zubar da lissafi. Sai Lesoto, wadda Afirka ta Kudu ta zagaye ta ko'ina har ido kan tsallake ta, da Gambiya da ta shige cikin Senegal kamar yatsa. Kongo biyu ce, Gine uku. Wasu kuma kan ƙirga ƙasa ɗaya sau biyu saboda canjin suna, su sa Suwazilan su kuma sa Eswatini, alhali sunan ne kawai aka sauya a 2018.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, 55. Ƙasar da ta haddasa bambancin nan ita ce Yammacin Sahara. Duba taswirarka, kudu da Maroko, arewa da Muritaniya, bakin tekun Atlantika. A taswirori da yawa za ka ga an yi wa wurin zane-zane karkatattu, ko an bar shi da launin toka, ko an raba shi da Maroko da ɗigo-ɗigo maimakon cikakken layi. Mai zanen taswirar ne yake kauce wa rigima.

Yankin yana hannun Sipaniya har 1975. Da ta tashi tafiya, Maroko ta ce nata ne tun kaka da kakanni, Muritaniya ma ta ce tana da rabo, ƴan ƙasar kuwa, Sahrawi, sun riga sun kafa ƙungiyar Polisariyo tun 1973 suna neman ƴancin kansu. Aka kai magana Kotun Duniya. A Oktoba 1975 kotun ta ba da ra'ayinta, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin gane shi: ta ce lalle wasu ƙabilun yankin sun taɓa yi wa Sarkin Maroko caffa, amma caffar wasu dangi ba ta mai da ƙasar mallakin sarki ba, saboda haka a bar mutanen wurin su zaɓi makomarsu. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Sarki Hasan na Biyu ya riƙe maganar caffa, a watan Nuwamba ya tura mutum wajen 350,000 suka tsallaka iyaka a ƙasa, ɗauke da tutoci da Alƙur'ani, abin da suka kira Koren Tattaki. A cikin watan Sipaniya ta sa hannu a Madrid ta bar wa Maroko da Muritaniya yankin su raba. Polisariyo kuwa ran 27 ga Fabrairu 1976 ta shelanta kafa Jamhuriyar Larabawan Sahrawi, yaƙi ya kaure. Muritaniya ta gaji ta janye a 1979, Maroko ta haɗe rabon nata.

Yau Maroko ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na yankin, da babban birninsa Layun, da ma'adinin fosfat na Bukra'a, da bakin teku mai yawan kifi. Ta gina ganuwar rairayi mai tsawon kilomita wajen 2,700, shake da nakiyoyi, ta raba yankin gida biyu. Gwamnatin Sahrawi kuwa zaune take a sansanonin ƴan gudun hijira kusa da Tinduf, cikin ƙasar Aljeriya. A 1991 aka tsagaita wuta da alkawarin ƙuri'ar raba gardama, Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da tawaga musamman domin shirya ta. Har yau ba a jefa ƙuri'ar ba. Abin da ya hana kuwa lissafi ne shi ma: wa ya cancanci jefawa? Polisariyo ta ce a tsaya kan ƙidayar da Sipaniya ta yi a 1974, mutum kimanin 74,000, da zuriyarsu. Maroko ta ce a ƙara da wasu ƙabilu masu yawa da take ganin ƴan asalin yankin ne. Kowa ya san duk wanda aka bi jerin sunayensa shi ya ci zaɓe tun ba a kafa akwati ba. A Nuwamba 2020 tsagaita wutar ma ta wargaje.

Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta karɓi Sahrawi a 1982. Da wakilanta suka zauna kan kujera a taron 1984, Maroko ta yi fushi ta tattara nata ya nata ta fice, ba ta dawo ba sai Janairu 2017, lokacin ƙungiyar ta riga ta zama Tarayyar Afirka. Yanzu su biyun suna zaune zaure guda, ɗaya na cewa ɗayar babu ita. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ba ta ba Sahrawi kujera ba, ba ta kuma rubuta yankin cikin Maroko ba. Tun 1963 ta sa shi cikin jerin yankunan da ba su samu mulkin kansu ba, jerin da yau yake da suna 17, kuma shi ne mafi girma a cikinsu. Aljeriya da Afirka ta Kudu suna bayan Polisariyo, maƙwabciyarmu Najeriya ma ta amince da Sahrawi tun 1984. Amurka ta goyi bayan Maroko a Disamba 2020, Faransa kuma a Yuli 2024 ta rungumi shirin Maroko na ba yankin ƙwarya-ƙwaryar ƴanci ƙarƙashin tutarta, har Aljeriya ta janye jakadanta daga Paris. To ka ji asalin 55: 54 ɗin nan ne, Tarayyar Afirka ta ɗora Sahrawi a kai.

Wani abu da nake jin daɗin nuna wa manyan ɗalibai shi ne 54 ɗin kanta ba guda ba ce. Tsakanin 2011 da 2017, in ka tambayi Majalisar Ɗinkin Duniya za ta ce 54, in ka tambayi Tarayyar Afirka ita ma 54. Sai ka za ci bakinsu ɗaya. Ina! Waccan da Maroko babu Sahrawi, wannan da Sahrawi babu Maroko. Ga ta uku kuma, wadda ta shafe mu kai tsaye: a taron da aka yi a Yamai a Yuli 2019 aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka, a nan ne Najeriya da Benin suka sa hannu, yawan masu sa hannu ya kai 54. Wannan kuwa da Maroko da Sahrawi duk suna ciki, Eritiriya ce a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ma in ta ce yankin Afirka ƙasashe 47 take nufi, domin Masar, Libiya, Tunisiya, Maroko, Sudan, Somaliya da Jibuti ta haɗa su da Gabas ta Tsakiya a tsarin ofisoshinta. Shi ya sa in yaro ya kawo maka lamba daga salula, ka tambaye shi wa ya ƙirga kafin ka ce masa daidai ko kuskure.

Sai yaronka mai 56. Somalilan, arewacin Somaliya, Ingila ce ta mulke ta, kudu kuwa Italiya. Ran 26 ga Yuni 1960 ta samu ƴanci, ta yi kwana biyar tana ƙasa mai cin gashin kanta, ran 1 ga Yuli ta haɗe da kudu da son ranta. Auren bai yi daɗi ba. A ƙarshen shekarun 1980 jiragen Siyad Bare suka yi wa Hargesa, babban birnin Somalilan, ruwan bama-bamai har birnin ya zama kufai. Da gwamnatinsa ta faɗi, ran 18 ga Mayu 1991 mutanen arewa suka ce sun koma gidansu na da. Tun daga lokacin suna da tutarsu, da sojansu, da kuɗinsu, da fasfo, da majalisa, da tashar jiragen ruwa a Berbera. Suna yin zaɓe, shugaba mai ci ya sha kaye ya miƙa mulki salin-alin, abin da ƙasashe da dama masu kujera a Majalisa suka kasa.

Masana dokar ƙasa da ƙasa suna yawan komawa ga yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933, wadda ta ce abu huɗu ke yin ƙasa: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da iya hulɗa da sauran ƙasashe. In da wannan ma'auni kaɗai ake aiki, a ganina Somalilan ta fi Sahrawi cika mudu nesa ba kusa ba, tun da ita tana zaune cikin gidanta tana karɓar haraji, waccan kuwa gwamnatinta na cikin ƙasar wani. Amma duba yadda abin ya juya. Sahrawi na da kujera a Adis Ababa, gomman ƙasashe sun taɓa amincewa da ita ko da yake wasu sun janye daga baya. Somalilan ta shekara talatin da ɗoriya ba ƙasa ko ɗaya da ta amince da ita, sai a ƙarshen Disamba 2025 Isra'ila ta yi, Somaliya da Tarayyar Afirka kuma suka yi tir nan take. Shiga Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa sai ƙasashe 9 cikin 15 na Kwamitin Tsaro sun yarda, ba wanda ya hau kujerar naƙi cikin manyan biyar, sannan kashi biyu cikin uku na babban zaure su amince. Ƙofar nan masu gida ke buɗe ta, cikar sharaɗi kaɗai ba ta buɗe ta.

Me ya sa shugabannin Afirka suka ƙi? Tsoro ne, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. A taron Alƙahira na Yuli 1964 suka yi alkawarin kowa ya riƙe iyakar da Bature ya bar masa ranar ƴanci, ko da kuwa iyakar ta raba uwa da ɗa. Sun riga sun ga abin da Katanga ta jawo wa Kongo daga 1960 zuwa 1963. Bayan shekara uku da alkawarin ga Biyafara, daga 30 ga Mayu 1967 zuwa Janairu 1970, wadda ƙasashe biyar suka amince da ita, Tanzaniya, Gabon, Kodebuwa, Zambiya da Haiti, amma hakan bai hana ta shafewa daga taswira ba. A Afrilu 2012 aka shelanta Azawad a arewacin Mali, nan ƙofar gidanmu, ba wanda ya ce uffan na amincewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka san abin da ake yi. Eritiriya da Sudan ta Kudu sun wuce ne saboda bayan dogon yaƙi uwar ƙasar da kanta ta sa hannu aka yi ƙuri'a. Mogadishu ba ta sa wa Hargesa hannu ba. Abin da ke ba mutanen Somalilan haushi shi ne alkawarin Alƙahira ɗin a wajensu hujja ce: iyakar da suke nema ita ce wadda Ingila ta bar masu ran 26 ga Yuni 1960. Hujja mai ƙarfi ce, kuma irinta ce ta sa aka karɓi Sahrawi, tun da ita ma iyakar da Sipaniya ta bari take nema.

Na sha gaya wa ɗalibai cewa ɗan Maradi bai kamata wannan magana ta ruɗa shi ba, domin cikinta aka haife shi. Je ƙofar fada ran Salla ka saurari abin da maroƙa ke kiran mai gari: Sarkin Katsina. To Katsina na can tsallaken iyaka, sai ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya kafin ka kai ta, kuma tana da nata sarkin. Yaya aka yi? Da jihadi ya ci Birnin Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaji ya karɓi gari da tutar Shehu, gidan sarautar da ya faɗi ya yi arewa. Ɗan Kasawa ya fake a Damagaram, daga baya wajen 1819 ya zo ya kafu a nan bakin Gulbi. Bai ce shi Sarkin Maradi ne ba. Ya ce shi ne Sarkin Katsina na halal, wancan na birni ɗan ƙwace ne, kuma magadansa, irin su Ɗan Baskore, sun yi ta kai hari kudu da niyyar komawa gida. Gobirawa ma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tibiri, nan kusa da mu, da sarautar Sarkin Gobir.

Yanzu ka ɗauka wani matafiyi ya zo a tsakiyar ƙarni na 19 yana son ya rubuta yawan ƙasashen Hausa. In a Sakkwato ya sauka, za a ce masa Katsina ɗaya ce, tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi, waɗancan na arewa ƴan tawaye ne. In a fadar Maradi ya sauka, za a ce masa Katsina ɗaya ce, ga sarkinta zaune, birnin ne ke hannun abokan gaba. In kuwa fatake ya tambaya, masu biyan fito nan su kuma biya can, za su ce masa biyu ne, aljihunsu ya shaida. Duk cikinsu ba wanda ya yi masa ƙarya. Rigimar ba ta mutu da hujja ba, kuma ba wanda ya ci wani da yaƙi. Faransa da Ingila ne suka zauna a Turai suka yi ta jan layi, a 1898, 1904 da 1906, sannan suka aiko da jami'ansu suka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908, Maradi ta faɗo nan, Katsina ta faɗa can. Sunan sarautar ne ya tsira. Ba na cewa Tinduf ita ce Maradi, zamani ya bambanta, dokoki ma haka. Amma gwamnatin da ke zaune wajen birnin da take kira nata, tana jiran ranar komawa, mu ba a littafi muka fara jin ta ba.

Akwai kuma wani kaso da lambobin nan duka suka bari a baya, wato yankunan da ke Afirka amma tutar Turai ke kaɗawa a kansu. Su ne ke sa wasu jerin na intanet su haura 56, har su doshi 60, domin ƙasashe da yankuna suke haɗawa. Reyiniyon, gabas da Madagaska, jihar Faransa ce tun 1946, da kuɗin yuro ake ciniki can. Mayot ta fi ta rikici. Tsibiran Komoro huɗu ne, a ƙuri'ar Disamba 1974 jimillar jama'a ta zaɓi ƴanci, amma mafi yawan mutanen Mayot suka ce a'a. Faransa ta ƙirga tsibiri-tsibiri ta riƙe Mayot, Komoro ta ce dunƙule ya kamata a ƙirga. Ka ga nan ma yadda aka yi lissafin ne ya yanke hukunci. Har yau taurari huɗu ne a tutar Komoro, Mayot kuwa ta zama cikakkiyar jihar Faransa a 2011. Tsakaninta da tsibirin Anjuwan kilomita wajen 70 ne, mutane na ratsawa da dare cikin ƙananan kwale-kwale da suke kira kwasa-kwasa, sunan kamar Bahaushe ne ya raɗa shi, kuma teku ta ci da yawa.

Sabta da Malila birane ne biyu a gaɓar Maroko, kan doron Afirka sosai, amma na Sipaniya ne, Malila tun 1497. Maroko na cewa nata ne. Samarinmu da suka bi ta Agadas suka yi arewa sun fi ni sanin tsawon shingen wayar da ya kewaye su, domin wanda ya dira bayansa ya taka Tarayyar Turai alhali bai bar Afirka ba. Tsibiran Kanari ma na Sipaniya ne, Madera ta Fotugal, Santa Helena inda Napoliyon ya mutu a 1821 ta Ingila. Cagos kuwa Ingila ta yanke ta daga Moris a 1965, ta kwashe mazaunanta domin Amurka ta kafa sansanin soja a Diyego Garsiya. A 2019 Kotun Duniya ta ce yankewar ba ta halatta ba, a Mayu 2025 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu kan mayar wa Moris tsibiran, sansanin ya zauna a matsayin haya na shekara 99. Duk waɗannan ba sa shiga ƙirgen ƙasashe, domin ba waninsu da ya shelanta cewa shi ƙasa ce. Gardamar da ke kansu ita ce na wane ne.

Wannan bambanci ka riƙe shi da kyau, domin yara na cakuɗa su. Rigimar iyaka daban, rigimar kasancewa ƙasa daban. Tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara mun daɗe muna ja da Benin a kansa, Kotun Duniya ta ba mu shi a Yuli 2005. Iyakarmu da Burkina ma ita ta yanke a 2013. Bakasi ta koma Kamaru bayan hukuncin 2002, Awuzu ta tabbata ta Cadi a 1994. Duk wannan bai ƙara ƙasa ba bai rage ba. Akwai ma wani fili mai ban dariya tsakanin Masar da Sudan, Bir Tawil, wanda kowace ke cewa ba nata ba ne. Layi biyu Ingila ta ja, na 1899 da na 1902. Wanda ya karɓi Bir Tawil ya amince ke nan da layin da zai raba shi da Halayib, yanki mai girma da ke bakin Bahar Maliya. Sai kowace ta riƙe Halayib ta tura wa ƴar'uwarta busasshen fili.

Na san yaranka za su kawo ta gida, gara ka shirya. Za su ce ai Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agusta 2023, ashe sai a rage ɗaya? A'a. Dakatarwa hana zama taro ce, kujerar na nan da sunanmu, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa da muka hau ran 20 ga Satumba 1960 ba abin da ya taɓa ta. Fitarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairu 2025 lissafin CEDEAO ta rage, daga 15 zuwa 12. Za su kuma ce tun da Nijar, Mali da Burkina sun kafa haɗakar AES a Yamai ran 6 ga Yuli 2024, ashe uku sun koma ɗaya? Tukuna. Kowace na da shugabanta, da tutarta, da kujerarta. Senegal da Gambiya sun yi irin wannan haɗaka daga 1982 zuwa 1989, ana ƙirga su biyu har suka rabu. Haɗewar da ke rage lamba ita ce irin ta Tanganyika da Zanzibar a Afrilu 1964, inda kujera biyu suka koma ɗaya da suna Tanzaniya.

Ga abin da zan yi in ni ke riƙe da ajin nan. In an ce kawo adadi kawai, 54. In tambayar ta ambaci Tarayyar Afirka, 55. In an ba da fili a yi bayani, yaro ya rubuta cewa Afirka na da ƙasashe 54 a Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyar Afirka na ƙirga 55 saboda Sahrawi, Somalilan kuma na mulkin kanta tun 1991 ba tare da kujera a ko ɗaya daga cikinsu ba. Littafin mai 53 kada ka jefar, sa yara su buɗe shafin su gyara da hannunsu, su rubuta 2011 a gefe. Yaron nan mai kaifin baki kuwa ba shi aiki: ya tsaya gaban allo a matsayin wakilin Hargesa, wani ya tsaya wa Mogadishu, sauran aji su zama Kwamitin Tsaro, ka zaɓi biyar ka ba su kujerar naƙi. In taswirar ajinku irin tawa ce ta da, ka nemi jan bik.